Riba a Takarda, Banki Babu Kuɗi: Yadda Ake Karanta Lissafin Shekara na Kasuwanci

Shugaban makarantar kuɗi, sakataren ƙungiyar gama kai, likita mai asibitin kansa, ɗan kasuwar da ya haɗa jari da ƙanensa a Tudun Hatsi, kowannensu akwai ranar da akanta zai dire masa kundin lissafin shekara ya ce a sa hannu. Abin da aka saba shi ne a buɗe shafin da riba take, in lambar ta yi kyau a ce madalla, a rattaba hannu. Bayan wata biyu a rasa na biyan albashi, sai a fara kallon juna. Sau da yawa ba wanda ya ci ko kwabo. Riba daban take da kuɗin da ke banki, kuma kundin ya faɗi hakan tun farko, shafin ne ba a buɗa ba.

Sa hannun nan kuwa ba ado ba ne. A dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, alhakin lissafin kamfani yana wuyan daraktoci, ba wuyan akantan da suka ɗauka ba. In ka sa hannu, ka amince da abin da ke ciki ke nan.

Manyan takardu uku ne a kundin. Takardar riba da asara tana faɗin abin da aka samu a tsawon shekara. Takardar ma'aunin dukiya tana faɗin abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa a rana ɗaya tak. Takardar shige da ficen kuɗi tana faɗin inda tsabar kuɗi ta fito da inda ta tafi. Ko da kundin da Turanci yake, kwanan watan da ke saman shafi zai raba maka su: in an rubuta rana guda, kamar 31 ga Disamba, ma'aunin dukiya ne, in an ce shekarar da ta ƙare a rana kaza, ɗaya ce daga cikin sauran biyun.

Kafin ka kalli kowace lamba, duba abu huɗu. Ko an gutsure sifiri uku daga lambobin, don da yawa a dubbai ake rubuta su, 240,000 tana nufin miliyan 240. Ko akwai layin bara kusa da na bana, don lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an jera ta da 'yar uwarta. Lambar da aka sa cikin baka kuma ragi ce ko asara. Na huɗu shi ne wasiƙar odita, wato mai binciken lissafi daga wajen kamfani, in akwai. Nemi hatiminsa na ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, sannan ka karanta sakin layin da ya faɗi ra'ayinsa. In ya ce lissafin daidai yake amma ban da abu kaza, to wannan abu kazan shi ne farkon tambayarka. In ya ambaci shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki, ajiye biro tukuna.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe: ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Gombe, mai sayen shanshera daga manoman Dadin Kowa, ya gyara, ya sayar wa diloli. Lambobin na koyarwa ne, ba na wani kamfani ba ne, ba kuma farashin kasuwar yau ba ne.

Takardar riba da asara

Kamfanin ya sayar da buhu 4,000 a kan naira 60,000, ciniki ya kama naira miliyan 240. Abu na farko da za ka riƙe: ana rubuta ciniki ne ranar da kaya suka bar hannunka suka zama na mai saye, ko ya biya ko bai biya ba. Dilan da ya loda buhu 100 ranar 28 ga Disamba ya ce sai bayan sabuwar shekara, miliyan 6 ɗinsa tana cikin cinikin bana. Haka ma kuɗin da ake kashewa, ana rubuta su a watan da aka ci amfaninsu, ba watan da aka biya ba. Kuɗin wutar Disamba na Disamba ne ko da a Fabrairu aka biya.

Daga ciniki sai a cire uwar kuɗin kayan da aka sayar. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, don suna cire duk abin da suka saya a shekara. Ba haka ake yi ba, na kayan da suka fita kawai ake cirewa. Ga yadda ake fitar da shi:

Kayan da ke sito a farkon shekara: miliyan 20
Shansherar da aka saya a shekara: miliyan 190
Dako, leburori, gas ɗin inji da buhunan zubawa: miliyan 24
Jimla: miliyan 234
A cire kayan da suka rage a sito a ƙarshen shekara: miliyan 30
Uwar kuɗin kayan da aka sayar: miliyan 204

Miliyan 240 a cire 204, saura miliyan 36. Wannan ita ce ribar farko, kashi 15 cikin 100 na ciniki, wato naira 9,000 a kowane buhu. In bara kashi 18 ce bana ta koma 15, ɗaya cikin uku ne ya faru: shanshera ta yi tsada ba a ƙara farashi ba, ko inji yana karya shinkafa fiye da da, ko buhuna na bin ƙofar baya.

Tsaya ka sake kallon layin nan na miliyan 30. Duk kundin babu lambar da ta fi ta sauƙin murɗawa. In aka rubuta 35 a madadin 30, uwar kuɗi ta sauka zuwa 199, riba ta ƙaru da miliyan 5 ba tare da an sayar da ko tiya ɗaya ba. Ba sai da mugun nufi hakan ke faruwa ba. Wani ya ɗauki adadin da ke littafi bai shiga sito ya ƙirga ba. Wani ya yi wa buhunan kuɗi da farashin sayarwa a madadin farashin da suka tsaya masa. Wani ya ƙirga da waɗanda damshi ya ɓata ko ƙwari suka ci. Shanshera kuma tana rage nauyi in ta bushe, wanda ya saye ta da ɗanyenta a kaka ba zai tarar da nauyin da ya biya ba. Ƙa'idar akantoci ita ce a ɗauki wanda ya fi ƙasa tsakanin abin da kaya suka tsaya da abin da za su kawo in an sayar yau. In buhu ya tsaya maka 51,000 kasuwa ta faɗo ana sayensa 46,000, da 46,000 za a rubuta shi, a amshi asarar a bana. Tambayi akanta wa ya ƙirga, ran nawa ga wata, ina takardar ƙirgar da sa hannun mutum biyu. Gani ya kori ji.

Bayan ribar farko sai kuɗin gudanarwa: albashi miliyan 7.2, haya 1.8, gyaran inji da mota 2.5, wuta da waya da cajin banki 1.5, bashin da aka fidda rai da shi 1, sai tsufan inji 4. Jimla miliyan 18, saura 18.

Tsufan inji na bukatar bayani, don shi ne kuɗin da ake rubutawa an kashe alhali ba wanda aka miƙa wa. An sayi injin miliyan 40, ana sa ran zai yi shekara 10. In aka ɗora wa shekarar farko kuɗin gaba ɗaya, za ta nuna mummunar asara, sauran tara su nuna ribar da ta fi gaskiya. Sai a raba, kowace shekara ta ɗauki miliyan 4. Mai kasuwar da ba ya cire wannan yana cin injinsa ne a hankali, sai ranar da ya tsaya cak zai gane babu na sabo. Kuma shekara 10 ɗin ƙiyasi ne. In wani ya mayar da ita 20, riba ta ƙaru da miliyan 2 a takarda. Duk shekarar da aka canza irin wannan ƙiyasi, nemi dalili.

Daga miliyan 18 a cire miliyan 3 na abin da banki ya ci a kan rance, ko kuɗin ruwa ne ko ribar murabaha ce a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa. Saura 15. Mun sa haraji miliyan 5. Ainihin adadin da nasa lissafin daban, kuma sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, don haka kada ka yi aiki da kason da ka haddace shekarun baya. Tsantsar riba miliyan 10. A cinikin miliyan 240, wannan naira 2,500 ke nan a buhun 60,000. Ƙaramin kuskure a farashin saye ya isa ya share ta.

Takardar ma'aunin dukiya

Sikeli ce mai hannu biyu. Hannu ɗaya kadarori, wato duk abin da kamfani ya mallaka. Ɗaya hannun masu haƙƙi a kan waɗannan kadarori: masu bin bashi da masu jari. Dole su yi daidai, don jari ba komai ba ne illa abin da ya rage bayan an cire bashi daga kadara. Saboda haka daidaituwar hannayen biyu ba shaidar lafiya ba ce. Kamfanin da ya durƙushe ma sikelinsa daidai take.

A ranar 31 ga Disamba kamfaninmu yana da injuna na miliyan 38, kaya a sito na miliyan 30, bashin da yake bin diloli miliyan 21, kuɗi a banki da akwati miliyan 2. Jimla 91. Ana binsa miliyan 16 na shanshera, miliyan 5 na harajin da bai kai ga biya ba, miliyan 15 ragowar rancen banki, jimla 36. Jari 55.

Yadda 38 ta samu: injin miliyan 40 ya ci shekara uku, an zaftare 12, saura 28, aka kuma sayi injin tsince tsakuwa na miliyan 10 a Disamba. Lambar nan ba farashin kasuwa ba ce. Filin da aka saya a Tumfure shekara 15 da suka wuce yana iya zama a takarda da tsohon kuɗinsa, inji kuma yana iya zama da miliyan 28 alhali ba mai tayinsa 15.

Jari kuma ya tashi daga 51 zuwa 55: an ƙara ribar 10, masu kamfani sun raba 6. Wannan ita ce igiyar da ta ɗaure takardar farko da ta biyu. In ka ɗauki jarin bara, ka ƙara riba, ka cire abin da aka raba, ka ƙara sabon jarin da aka zuba, bai ba ka jarin bana ba, akwai abin da ba a gaya maka ba.

Layin da ya cancanci ka daɗe a kansa shi ne miliyan 21 da ake bin diloli. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwar hatsi ba ta tafiya sai da shi. Amma kada ka yarda da jimla. Ka ce a kawo maka sunaye, a kasa su gida huɗu: wanda bai wuce kwana 30 ba, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90, da wanda ya haura 90. Abu biyu za ka nema. Nawa ne ya haura kwana 90, don bashi yana tsufa yana wuyar dawowa. Sannan nawa ne ke hannun mutum ɗaya. In miliyan 12 daga cikin 21 na wurin dila guda ne, rayuwar kamfanin tana aljihunsa. Akwai kuma bashin da kowa ya san ba zai dawo ba, na suruki ko na babban mutum da ake jin nauyin tambaya, amma an bar shi a takarda shekara da shekaru don share shi zai rage riba. Irin wannan ba kadara ba ce, kunya ce aka yi wa lamba.

Ina kuɗin suka tafi

Kamfani ya ci ribar miliyan 10, amma kuɗinsa a banki sun sauka daga miliyan 20 zuwa 2. Takarda ta uku ce ke warware wannan, kuma ko akanta bai kawo ta ba za ka iya haɗa ta da kanka da ma'aunin bara da na bana.

Fara da riba, 10. Mayar da tsufan inji, don ba kuɗi ne suka fita ba: 14. Kayan sito sun tashi daga 20 zuwa 30, wato miliyan 10 sun koma buhuna: saura 4. Bashin da ake bin diloli ya tashi daga 12 zuwa 21, miliyan 9 na aljihun mutane: an shiga ramin 5. Bashin shanshera da ake bin kamfani ya tashi daga 10 zuwa 16, wato an riƙe wa masu kaya miliyan 6: an dawo 1. Harajin da ba a biya ba ya tashi daga 3 zuwa 5: an kai 3. Ainihin sana'ar, saye da casa da sayarwa, miliyan 3 kacal ta kawo a hannu duk shekara, kuma ko su don ba a biya wasu haƙƙinsu ba ne.

Da wannan miliyan 3 aka sayi injin miliyan 10, aka rage rancen banki da miliyan 5, aka raba wa masu jari miliyan 6. An fitar da 21, an samu 3, giɓin 18 ya fito daga ajiyar da aka shigo shekara da ita. Ga amsar. Ba sata, ba ɓatan lissafi. An yi rabon riba ne da kuɗin da ba su riga sun shigo ba.

Dabarar da za ka riƙe: duk kadarar da ta ƙaru ta sha kuɗi, duk bashin da ake binka da ya ƙaru ya bar maka kuɗi na ɗan lokaci. Shi ya sa kasuwancin da ke bunƙasa da sauri ya fi saurin shiga ƙunci. Ciniki ya ƙaru, sai ka cika sito, ka ba da bashi da yawa, kuma duk kafin kuɗin farko su dawo.

A sana'ar hatsi sai an yi adalci wajen hukunci. Disamba bayan kaka take, lokacin da kowa ke cika sito da araha, don haka ganin kaya da yawa da kuɗi kaɗan a ƙarshen shekara ba abin tsoro ba ne shi kaɗai. Abin dubawa shi ne Disambar bana da Disambar bara. Ciniki ya tashi daga miliyan 200 zuwa 240, ƙarin kashi 20. Kayan sito sun ƙaru da kashi 50. Bashin diloli ya ƙaru da kashi 75. In bashi na gudu ya bar ciniki a baya haka, ana sayen cinikin ne da sassauci ga waɗanda ba sa biya. In shekara uku a jere riba na hawa, kuɗin da sana'a ke kawowa a hannu na sauka, to ko ana karɓar bashi da sakaci, ko ribar ce ba ta gaskiya ba.

Awo kaɗan da kalkuletar waya ta isa

Na farko, ko za a iya biyan abin da ke tafe. Haɗa kadarorin da za su zama kuɗi cikin shekara: 30 da 21 da 2, wato 53. Haɗa bashin da za a biya cikin shekara: 16 da 5, da kason rance na baɗi miliyan 5, wato 26. Raba, ka sami kusan 2. Da kyau a ido. Yanzu cire kayan sito, tunda sai an sayar: 23 a kan 26, bai kai 1 ba. In masu shanshera suka zo ran kasuwa ɗaya, miliyan 2 ce za ta tare su.

Na biyu, kwana nawa kuɗi ke yi a waje. Raba 21 da 240 ka ninka da 365: kwana 32. Bara 22 ne. Sai dai in kashi ɗaya cikin uku na cinikin ne kawai na bashi, wato miliyan 80, da 80 za ka raba, sai ka ga ainihin masu karɓar bashi suna kwana 96 kafin su biya. Kaya na kwana 54 a sito, 30 a raba da 204 a ninka da 365. Masu shanshera kuma ana biyansu cikin kwana 31. Haɗa 54 da 32 ka cire 31: kwana 55 kamfani ke ɗauke da nauyin kowane buhu da kuɗinsa.

Na uku, buhu nawa za a sayar kafin a fara cin riba. Kuɗin gudanarwa da na banki miliyan 21 ne, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kowane buhu na barin 9,000. Raba, ka sami buhu 2,334. In ribar buhu ta sauka zuwa 6,000, sai an sayar da 3,500, kusan duk cinikin shekara.

Na huɗu shi ne wanda takardun ba za su gaya maka ba. Ribar 10 a kan jarin 55 kashi 18 ce. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34. A irin wannan shekara, mai ribar kashi 18 nairorinsa sun ƙaru amma dukiyarsa ta ragu. Tsofaffin 'yan kasuwa sun daɗe da sanin maganin wannan: su auna jari da kaya. Jarinka na bara buhu nawa yake saye, na bana buhu nawa? In bara 1,200 ne bana 1,050, duk abin da ka raba da sunan riba daga uwa ka yanko shi.

Kurakuran da ke ɓata lissafi tun daga tushe

Rance ba ciniki ba ne. Miliyan 5 da ta shigo daga banki ko daga aboki bashi ce, wurinta ma'aunin dukiya. Biyan uwar rance ma ba kuɗin gudanarwa ba ne, abin da banki ya ɗora a kai ne kawai ke shiga riba da asara. Kafin alƙalamin da kwastoma ya bayar kaya ba su fita ba, shi ma bashi ne a kanka har ranar da ka miƙa kaya. Makarantar da ta karɓi kuɗin zango na biyu a Disamba ba ta samu kuɗin shigar bana ba, na baɗi ne ta riƙe.

Harajin da aka cire daga albashin ma'aikata amana ce, ana miƙa shi ga hukumar harajin jiha zuwa 10 ga watan da ke biye. VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, na kashi 7.5 da aka karɓa daga kwastoma, ga masu sana'ar da ya shafa, hukumar harajin tarayya ake miƙa wa, wa'adinsa 21 ga watan da ke biye. Hatsi da kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu shi. Ganin waɗannan kuɗi a asusu yana sa mutum ya zaci yana da wadata, ya juya su, ranar biya ta zo da tara.

Mafi yawan ɓarna kuwa daga aljihu ɗaya take. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, buhu biyu da aka kai wa Hajiya, kujerar Makka, duk daga akwatin shago. Ba wanda ya hana mai dukiya taɓa dukiyarsa, amma a rubuta shi a matsayin abin da mai jari ya ɗauka, ba kuɗin gudanarwa ba. In ba haka ba, sana'a mai riba za ta nuna asara, ko a rasa buhuna a ɗora wa yaron sito. Mai kamfani ya yanka wa kansa albashi, ya buɗe asusun kasuwanci daban, POS ɗin shago kuma ya zuba a asusun shago, ba na yaron da ke riƙe da shi ba.

Kada ka bar shafukan bayanai da ke ƙarshen kundi don sun yi yawa. A nan ake faɗin kadarar da aka jinginar wa banki, shari'ar da ke kotu wadda in an sha kaye za a biya, da cinikin da aka yi da kamfanin ɗan uwan darakta.

Aikin wata-wata

Wanda ya jira Disamba kafin ya duba lissafi ya makara da wata goma sha ɗaya. A makon farko na kowane wata, karɓi takardar bayanin asusu daga banki, a jera ta da littafin kuɗi layi bayan layi. Bambancin da aka saba gani: cajin banki da na POS, harajin naira 50 da ake cirewa a turin kuɗin da ya kai naira 10,000, cekin da aka bayar ba a kai banki ba tukuna, da turin da kwastoma ya nuna a waya amma bai shigo ba. Duk bambancin da ba a gano sunansa ba, kada a share shi don ƙanƙanta. Naira 3,000 na iya zama ragowar kurakurai biyu manya da suka kusa cinye juna. Wanda ke karɓar kuɗi kuma ba shi zai yi wannan jerawa ba, ko ɗanka ne. A ranar a ƙirga sito, a sabunta jerin masu bashi, a rubuta abin da za a biya da abin da ake sa ran shigowa a makonni takwas masu zuwa.

Rasit, takardun banki da littattafai, doka ta ce kamfani ya adana su shekara 6. Bayanan haraji na kamfani ana miƙa su cikin wata 6 bayan rufe shekara, ban da rahoton shekara da ake kai wa hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Dokar 2020 ta ɗauke wa ƙaramin kamfani wajibcin ɗaukar odita, kuma cikin sharuɗɗan akwai cewa cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba, tsantsar dukiyarsa ba ta wuce miliyan 60 ba. Kamfanin misalinmu ya wuce iyakar cinikin. Banki kuma yana iya neman lissafin da odita ya duba kafin ya ba da rance, ko doka ta ɗauke maka.

Ma'aunin dukiya na da wani amfani da ba a cika faɗa a ofis ba, wato fitar da zakka. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da ke juya kaya kullum yana yi wa hajarsa ƙima sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar kuɗinsa da bashin da yake da ran za a biya shi, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin 40. Injuna da gini da motar aiki ba sa shiga. Yadda za a yi da bashin da ake binka, wannan a kai wa malami tare da takardar. Sai dai a lura da bambanci guda: akanta yana rubuta buhu da abin da ya tsaya maka, zakka kuwa da farashin kasuwa na ranar ƙima ake yin ta, kuma shekararta ta watan Musulunci ce, ba lallai ta faɗo a Disamba ba. Saboda haka takardar ƙirgar sito ta kasance da gurbi uku a gaban kowane irin kaya: adadin buhu, abin da buhun ya tsaya, da abin da ake sayar da shi a kasuwa ran da aka ƙirga.